Ranar da Na Ba Ɓera Riƙon 'Ya'ya

Wautar da na tafka a duniya in aka ce a ɗora wa jaki sai ya durƙusa. Amma wadda har gobe in na tuna nake dariya ni kaɗai, har jikoki su ɗauka tsufa ya fara taɓa ni, ita ce ranar da na ba ɓera riƙon 'ya'ya. Ɓera dai wanda ka sani, mai wutsiya. Kuma ba ina yaro na yi ba, da furfurata na yi.

Ni haifaffen Jos ne. Haƙar kuza ta kawo ubana, ta tsotse masa ƙarfi, ta bar mana ɗaki biyu a Kwararafa. Boko leƙawa na yi na fito, rabin karatun ma a bakin kududdufin kuza na yi shi ina koyon iyo. Na yi kwandasta, na yi gadi, na sayar da dankalin Turawa har dankalin ya gaji da ganina. Sai a shekarun da wayar salula ta shigo gari, kowa yana hawa dutse neman sabis, wani maƙwabcina ya samo mini aiki a wani gidan bincike da ke bayan gari, cikin shingen kerana. Ya ce ba wuya, shara ce da ba dabbobi abinci. Na tafi ina lissafin shanu ne irin masu nonon nan, in ta ɓaci zomaye.

Da aka buɗe mini ƙofa sai na ga ɓeraye. Baƙaƙe, ƙanana, masu sheƙi kamar an shafa musu man gyaɗa, a cikin keji-keji na roba an jera su a kanta. Shimfiɗarsu dusar katako ce da aka gasa, ruwansu dafaffe, abincinsu daga buhu mai rubutun Turanci. In wuta ta ɗauke, janareta ake tayar musu. Ni da nake kwana a duhu, ɓera yana da janareta. Duk rayuwata da takalmi nake gaisawa da ɓera, sai ga shi an ba ni farar riga da safar hannu da takunkumi, an ce kada in shiga wurinsu sai na wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala.

Mai kula da ɗakin ɓerayen wata likitar bincike ce, Bayarbiya, gajeruwa, mai gilashi da muryar da ta fi jikinta girma. A Nasarawa Gwom aka haife ta, sai bayan da gari ya rikice iyayenta suka koma Daɗin Kowa, daga can take hawo acaɓa kullum. Hausarta irin ta kasuwar Jos ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Tana kira na Baba, ina kiran ta Dakta. In ta dafa alale takan ƙullo mini biyu a ganye. Ranar farko ta kafa mini doka.

"Baba, ba ka shigo da komai, ba ka fita da komai. Kuma wanda yake keji ɗaya ba ya zuwa wani keji. Ko gashinshi. Ka ji?"

Na ce na ji. Ai kunne ba ya ƙin ji.

Ɓerayen kashi biyu ne. Akwai masu shuɗin tambari a jikin keji, waɗannan lafiyayyu ne, haihuwa suke kamar ana biyan su. Akwai masu jan tambari, su ne 'yan lelen Dakta, daga ƙasar waje aka aiko mata iyayensu saboda sanyin Jos ya dace da su. A ido duk ɗaya suke. Amma matan masu jan tambari, wata ta haifi ɗaya ko biyu ta tsaya cak, wata ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Na tambayi Dakta ko asiri aka yi musu. Ta yi dariya har gilashinta ya zame. Ta ce a jikin kowane mai rai akwai wani ƙanƙanin tsari da yake gado daga uwa da uba, shi ne masana suka cire wa waɗannan ɗan guntu guda tun suna ƙwai, don a ga abin da zai lalace. Na ce to na gane, kamar yadda makanike yake cire filogi ɗaya ya saurari injin. Ta ce haka ne, Baba, kai ma da ka zauna a aji da an sha wahala da kai.

Wata rana ta kira ni ta ce in sa ido a madubin likita. Ta nuna mini yankin jakar ƙwai ta lafiyayyar mace. Kamar an tsaga nunanniyar gwaiba, 'ya'ya cike, manya da ƙanana. Ta canza ta sa ta mai jan tambari. Ita kuwa a tsuke take, a yamutse, sai ɗan ƙwai ɗaya can, wani can, sauran duk fili. Ta ce ƙwan nasu ƙarewa yake yi tun suna 'yan mata. Ta ce akwai mata 'yan Adam da haka take faruwa da su, ba laifinsu ba, ba kuma aikin kowa ba, shi ne take so ta gano daga ina abin yake farawa.

Na daɗe ban ɗago kai daga madubin ba. Na ce, "Dakta, za a samu magani?"

Ta ce, "Ba yau ba, Baba. Wataƙila ma ba ni zan samu ba."

Abin da ya sa na tambaya, ita ba ta sani ba a lokacin. Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa haihuwa ba. Babu inda ba mu je ba. Ta sha rubutu, ta sha saiwa mai ɗacin da ko akuya ba za ta lasa ba, mun yi layi a asibitin mishan tun ina da baƙin gashi. Daga ƙarshe ƙanwarta, wadda ita kuma duk shekara biyu sai an yi suna a gidanta, ta ɗauko 'yarta ranar da aka yaye ta, ta kawo mana riƙo. Ina tuna ranar. Da yake abokiyar wasata ce, tun daga zaure take tsokanata, tana cewa ga kaya ta kawo wa malalacin miji, ita ta huta da wanki. Ta ajiye yarinyar a cinyar yayarta, ta sha ruwa, ta tafi tana dariya. Muka raini yarinyar nan har muka aurar da ita Bauci. Da ta tafi sai gidan ya yi mana faɗi, mu biyu kamar tsakuwa a gwangwani.

To a wannan zaman ne labarin ɓeraye ya zama mana rediyo. Bayan magariba in ta zuba mini shayi, sai ta ce, "Malam, yau me mutanenka suka yi?" Ni kuma in ƙara gishiri in ƙara yaji. Cikin masu jan tambari akwai wata mai tsaga biyu a kunnen hagu, irin alamar da Dakta take yi musu don ta bambance su. Ita ba ta taɓa haihuwa ba, amma babu wadda ta kai ta iya sheƙa. In na sa mata 'yar takarda mai laushi, kafin in gama shara ta yayyaga ta, ta naɗe ta zagaye kamar gammo, ta shiga ciki ta kwanta tana jira. In na canza shimfiɗa na zubar, gobe ta sake wata. Tun ranar da na ba maiɗakina wannan labari ta daina tambayar sauran. Sai dai, "Yaya mutuniyata?"

Har ƙuli-ƙuli ta taɓa ƙulle mini a leda in kai mata. Ga dokar Dakta, ga kuma yunwar hanya. Na cinye shi a bayan acaɓa. Da yamma na ce mutuniyarki ta ce a gaishe ki, wai gishirin ya ɗan yi yawa. Ta jefe ni da murfin kwano.

Ana nan, wata rana cikin damina Dakta ta fitar da mazan daga kejin masu jan tambari, ta ce wannan rukunin sun kai lokacinsu. Mako mai zuwa za ta kwantar da su da magani, ta buɗe su, ta ciro jakar ƙwan ta duba. Ashe gwaibar nan da na gani a madubi ta haka ake samo ta. Ni da wautata ban taɓa tambaya ba.

Na ce, "Har da mai kunnen nan?"

"Har da shi. Don haka aka kawo su, Baba."

"To in ta haihu fa kafin nan?"

Tana rubutu, ko ɗagowa ba ta yi ba. "In ya haihu sai a bar shi ya shayar. Amma ba zai haihu ba, duk rukunin nan ƙwansu ya riga ya ƙare."

Da na je gida na faɗa wa maiɗakina. Ta kwashe kwanuka ta fita tsakar gida, na ji tana wanke su, ta sake wanke su. Kashegari ba ta tambayi mutuniyarta ba, jibi ma haka. Shayi ya zama shayi kawai. Ni kuwa maganar Dakta ta maƙale mini a kunne kamar ƙaya: in ya haihu sai a bar shi.

Wata safiya na riga kowa zuwa, ana yayyafi, hazo ya rufe duwatsu. Na tarar wata mai shuɗin tambari ta sauka tun jiya, ga 'ya'ya nan tuli guda, jajaye, babu gashi, kamar jiƙaƙƙiyar gyaɗa. Na dube su, na dubi mai tsaga biyu tana kwance a gammonta ita kaɗai. Sai na ce a raina, yo wannan ai ba sabon abu ba ne. Mu ma haka aka yi mana. Mai da yawa ta ba marar ko ɗaya, zumunci ya ƙaru, kowa ya kwana lafiya. Me Turawa suka sani a nan?

Na ciro cokalin shayina daga aljihu, na yi bisimilla, na ɗebo biyu. Na ɗan birkiɗa su a dusar kejinta don su ɗauki ƙanshin gidan, na ajiye a bakin sheƙar. Har da cewa, "To, ga amana nan."

Ta fito tana shinshina. Ta zagaya su, ta koma, ta sake fitowa. Na san ɓera in ransa ya ɓaci yana cinye jariri. Sai na ga ta kama ɗaya a wuya, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, ta kai cikin sheƙa. Ta dawo ta ɗauki ɗayan. Ta lashe su tas, ta jawo takarda ta rufe gefe, ta baje a kansu. Wallahi kamar ta shekara tana yi. Na tsaya ina kallo har takunkumina ya jiƙe, na ce mura ce, sanyin Jos ba ya da kirki.

Dakta ta iso da lema tana tsiyayar ruwa. Ni ina can ƙarshen ɗaki ina shara, ina jiran in ji guɗa. Ta bi keji ɗaya-ɗaya yadda ta saba. Da ta zo kan na mai tsaga biyu sai ta tsaya. Ta cire gilashi ta goge, ta mayar. Ta ambaci sunan Allah da Yarbanci. Sannan ta jawo kujera ta zauna kamar an zare mata laka.

Na matso na ce, "Barka, Dakta. Ashe an sauka."

Ta dube ni, idonta ya kaɗa. "Barka? Baba, ka san mene ne wannan? In wannan ya haihu, to jininsu ya gauraya da na lafiyayyu ban sani ba. Duk abin da na rubuta shekarun nan ya zama shara. Sai na buɗe shi yau-yau in gani. In gauraye ne, duk masu jan tambari sai an kashe, kuma babu wanda zai sake aiko mini wasu."

Ka ji fa. Na je ceton rai ɗaya, na jawo wa dangi kaf wuƙa, ita kuma mutuniyar na matso mata da ranarta daga mako mai zuwa zuwa yau. Na koma na ci gaba da sharar wuri ɗaya, har siminti ya fara ƙyalli. Jarumtar da na yi da cokali duk ta zube.

Allah ya sa Dakta ba irina ba ce, ba ta aiki da ka. Ta sa safar hannu ta ɗauko jariri ɗaya, ta ɗaga shi saitin fitila. Ashe jaririn ɓera fatarsa sharara ce, in ya sha nono ana hango farin a cikinsa. Na wannan ya kusa ɓacewa. Ta duba ɗayan, haka. Ta kama mai tsaga biyu ta juya ta, ta busa gashin cikinta, babu alamar an taɓa tsotsa. Ta taka zuwa kejin mai jegon, ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa. Sannan ba tare da ta juyo ba ta ce,

"Baba."

"Na'am, Dakta."

"Zo nan. Wa ya yi ma wannan ciki?"

"Ikon Allah ne, Dakta."

"Ikon Allah." Ta miƙa hannu ta zaro cokalin da ke leƙe a aljihun rigata, ga dusar katako a manne. "Da cokali?"

Ranar na sha faɗan da tun rasuwar ubana ban sha irinsa ba. Ta yi da Hausa, Hausa ta ƙare ta koma Turancin kasuwa, shi ma ya ƙare ta koma Yarbanci. Ta ce da ta makara zuwa yamma da 'ya'yan sun mutu a ƙarƙashin wadda take ɗumama su, don ɗumi ba ya cika ciki. Ta ce saura ƙiris in sa ta kashe aikin rayuwarta da hannunta. Duk gaskiya ta faɗa. Ta mayar da 'ya'yan wurin uwarsu, sannan ta ce in gaya mata abin da ya shiga kaina.

Na gaya mata. Na ba ta labarin maiɗakina, da yarinyar da aka kawo mana, da gammon takarda, har da ƙuli-ƙulin da na cinye. Ta daɗe tana kallon kejin. Mai tsaga biyu tana ta tona sheƙarta tana juya takarda.

Can ta ce, "Ka ɓata mini shi. Macen da ya kwanta kan jarirai, jikinshi yana iya canzawa. Ba zan sa shi a lissafi ba, ko na buɗe ba shi da amfani. Sai na raini wani daga farko, wata da watanni." Ta nuna ni da cokalin. "Kada ka yi murna a gabana. Tafi gida, kada in gan ka sai Litinin."

Sauran 'yan rukunin an buɗe su a ranar da aka sa, ni na wanke farantan. Dakta ta yi kusan wata ba ta ƙullo mini alale ba. Amma da na dawo ranar Litinin na tarar ta haɗa mai tsaga biyu da mai jegon a babban keji ɗaya, ta cire tambarin gaba ɗaya. Sheƙa guda suka yi. Uwar ta shayar ta tashi cin abinci, ita kuma ta hau ta rufe su. Haka ta yi ta rainon 'ya'yan wasu, rukuni bayan rukuni, har bayanta ya yi furfura, wata safiya na same ta a gammonta ta sandare. Dakta ta gama aikinta daga baya, ta tafi ƙasar waje. Wurin yanzu kajin ƙwai ake kiwo a ciki. In na wuce ta bakin keranar nan har yau hancina yana jiyo ƙanshin gasasshiyar dusa.

Amma bari in koma ranar da aka kore ni. Na iso gida kafin azahar, a jiƙe, ina tafiya kamar wanda ya ci yaƙi. Maiɗakina tana tsince acca a tire. Ta ce lafiya? Na ce mutuniyarki ta tsira. Na zauna na kwashe labari tun daga cokali har Yarbanci, ina kwaikwayon muryar Dakta. Ta yi dariya har ta ajiye tiren, tana share ido da bakin zane.

"Kai Malam, Allah ya shirye ka. Jariri ɗanye? Mu ma ai sai da aka yaye ta aka kawo mana. Da me za ta ba su, da shayi?"

Na ce ai shi ya sa ban zama likita ba.

Ta ɗauki tiren ta ci gaba da tsinta. Ruwa yana sauka a kwano, ni ina shanya ƙafa a bakin murhu, raina fari tas. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ta ce, ba ta ko dube ni ba,

"Ita uwar da ka ɗebe wa biyun, ka leƙa ka ga yadda ta yi?"

Ban leƙa ba. Ko sau ɗaya ban waiwayi kejin ba.

Ta fitar da wata 'yar tsakuwa daga cikin accar ta jefar.

"Ranar da ƙanwata ta kawo mana yarinyar nan, da ta fita tana yi maka dariya, a bayan ɗakinmu na same ta durƙushe ta toshe baki da gyale. Kai kana zaure kana raba goro."